Sandar Injiniya

Injiniyan baladiyya ya zo da sanda
mai dunƙulen ƙarfe a baki.
Ya bi falon Hajiya Nuwaira yana ƙwanƙwasa ƙasa
kamar mai zaɓen kankana a Bab Makka.
Tayil ɗin da ya zauna daram
ya amsa da murya ƙasa-ƙasa,
wanda cikinsa ya rabu da siminti
ya yi kukan busasshiyar ƙwarya.
Arba'in da uku suka yi kuka.
Na ƙirga tare da shi a zuci,
don ni na shimfiɗa su,
ni Barau, da gwiwoyin nan biyu
da suka shekara goma sha ɗaya suna durƙuso a Jidda,
ban da na salla.

Na san yashi tun bai sauka daga mota ba.
Ran da Fawwaz ya kawo nasa na ɗora a harshe,
na ji teku.
Na ce masa gishirin nan zai ci aikin.
Ya dubi agogo: masu gida za su tare kafin azumi.
Na ce a bar shimfiɗa ta kwana uku
kafin a cika tsakani da farin siminti.
Ya ce kwana ɗaya.
Mutumin da sunansa ke kan iƙamarka,
in ya ce ɗaya, ɗaya ne.

Wata biyar, gishiri ya fito shan iska.
Ya bi layukan da na ja da zare
ya yi musu furfura.
Cikon tsakani ya koma gari,
tsintsiya na kwashe shi kowace safiya.
Wani dare na zafi tayil biyu suka tashi tsaye
suka haɗa kai a tsakar falo,
jikar Hajiya ta yanke a diddige.

A ofis aka buɗe takarda.
Ashe lasisin Fawwaz na fenti ne,
kuma ya mutu tun bara.
Na ginin na surukinsa ne a Ɗa'if,
wanda ya rantse bai taɓa ganin ƙofar gidan ba.
Suka yi ta jifan juna da hatimi,
wannan ya ce ara aka yi, wancan ya ce sata.
Da suka gaji, sai suka juyo tare:
"Ai hannun ma'aikaci ne."
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban yi musu ba. Larabcina na awo ne da ciniki,
bai kai na shari'a ba.
Na dai roƙi injiniya ya koma da sandarsa
ɗakin wanka na bayan matakala.
A can yashin Fawwaz ya ƙare,
na sayo wankakke buhu biyu da riyal ɗina,
na bar shi ya sha kwanakinsa uku
don babu mai leƙa wajen.

Ya je. Ya buga kusurwa, ya buga tsakiya,
ya buga har gindin famfo.
Ko ɗaya bai yi kuka ba.
Ya rubuta wani abu, bai nuna mini ba.

Hajiya ta tsare ni a bakin ƙofa,
ta ce ni take so in sake mata falon.
Na ce ba ni da lasisi, Hajiya.
Ki nemi mai shi, ki biya shi,
shi zai zo Hindawiyya da asuba
ya tsaya inda muke tsayawa da cokulanmu
ya ɗauke ni a bayan mota.
Ki dai ce masa kwana uku.
Yashin kuma, in ya iso, a kira ni in ɗanɗana.