Bindiga Mai Cin Shida

Kakana Gariba na Aboabo
ba ya kallon kaboyi don labari,
ƙirga yake yi.

"Bindiga mai cin shida
ta tashi sau tara, ba ɗuri.
Hularsa ta faɗa rafi,
ga ta a kansa, a bushe.
Dubi sama, hayaƙin jirgi
tun ba a haifi jirgi ba!"

Muka ce, Kaka, fim ne.

"Na koro shanu daga Bawku
a ƙafa har Mayanka,
kaska har ƙwauri.
Farar rigar nan ba ta san saniya ba.
Ina baƙaƙen makiyayansu?
Ai da su aka yi korar."

Ya tashi alwala.
Gawar da ke kwance cikin yashi
ta ja numfashi.
Ba mu faɗa masa ba.