Takardar Ƙasan Adaka

Ran Laraba da Asabar, da an sallame La'asar,
sai Yalwati ta wanke ƙafa,
ta bar mini tsintar zoɓo a faifai,
ta ce, "Iya, na tafi Faransanci,"
kamar wani gari ne da ake zuwa a ƙasa.

A zauren Sahura ake yi,
matar mai facin nan da aka auro daga Magarya.
Allonta tsohon ƙyaure ne da ta shafe da baƙin batir.
Naira ɗari a mako,
wanda babu a gidansu ya kawo gwangwanin riɗi.
Yara sha ɗaya, har da autan Sarkin Fawa,
wanda dariya ta kayar
ran da aka ce musu can ƙetare
mushe ake kiran malamin makaranta.
Ya ce, "To, wa zai saya?"

Ni ban hana ba, ban kuma ce a je ba.
Na dai ce, ke, ga Larabcin Islamiyya,
ga Turancin firamare,
baki ɗaya fa Allah ya ba ki.
Ta ce, "Iya, tulunki ma ɗaya ne,
rijiya nawa ya sha?"

Daga nan gidana ya rikice.
Kajina da magariba: an, de, turwa.
Ruwan randa ya koma lo.
Jar akuyata, mai haihuwar tagwaye,
wai shebur ce.
Wata Alhamis a kasuwar Maigatari
ta ce wa wani mai raƙuma marsi,
ya duƙo ya dube ta, ya cika mata hannu da dabino.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.
Shekara takwas ke nan
da Tanimu ya bi motar shanu zuwa Damagaram.
Abin da ya dawo:
rigarsa, hularsa, da takarda mai hatimi biyu.
Yalwati na goye lokacin.
Na ninke ta, na tura ƙasan adaka,
ƙarƙashin zanen da na ajiye wa ranar tafiyata.
Tsoro nake kar bashi ne,
ko sunan wata cuta da za a riƙa nuna mu da ita.

Daren da aka gama sussukar gero
na ciro ta.
Na ce, 'yar Faransa, zo ki gwada.

Ta kama tocila da haƙori,
yatsa na rarrafe a kan layi.
"Wannan ba mu zo wurin ba.
Wannan ma ya fi ƙarfina."
Can ta ce, "Nom. Suna ke nan."
Ta haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya
har ubanta ya fito daga bakinta.

"Mer. Iya, mer uwa ce.
Ga ki nan. Kuluwa."

Sai yatsan ya sauka ƙasa kaɗan,
ya tsaya.
Tocilar ta faɗo kan tabarma.
Ban tambaye ta ba, na riga na gane:
ta ci karo da kanta.

Ashe da suka tambaye shi nasa,
a gadon da ban gani ba,
cikin harshen da bai iya ba,
mu ya lissafa.

Saura layi bakwai ba a karanta ba.
Sahura ta ce in kawo, minti biyu ya ishe ta.
Na ce a'a, bari dai.
Mai takardar tana aji huɗu,
za ta iso.

Asabar ɗin nan gwangwani biyu na auna,
na kai da kaina.
Na zauna a dakalin ƙofar zaure da carbina,
ina jin suna maimaitawa a ciki.
Ban san lokacin da bakina ya bi su ba.