Ɗaga Sirdin Ka Gani

Matso kusa da wutar maƙera, baƙo,
sanyin At-Bashi bai san fasfo ba.
Ka ce ka ƙetaro teku biyu
saboda bunsurun dutse, wanda mu muke kira teke,
kana neman wanda za ka damƙa wa kuɗinka da wuya.

Ni Jumadil, aikina kofato.
Shekara talatin da huɗu ina buga wa dawaki takalmi,
ban taɓa ɗana kunamar bindiga ba.
Amma duk dokin da ya hau tsaunin nan
ta hannuna yake saukowa,
kuma bayan doki bai iya ƙarya.

Akwai Ulan mai farar mota.
Takardunsa na sheƙi kamar an shafe su da man shanu.
Tun kana filin jirgi zai faɗa maka tsawon ƙahon,
sai ka ce shi ya yi wa bunsurun wankan jego.
Bara ya kawo mini dawaki shida.
Na ɗaga sirdi, miki ya gaishe ni,
ɗanye, faɗin tafin hannu.
Yaran da ke ja masa linzami
har yau suna bin sa ladan kakar da ta wuce.
Wanda ya sha gumin ɗan garinsu,
kai da ba ka jin yarenmu, me zai rage maka a hanya?

Bari in faɗa maka abin da ko Burulkan, matata, ba ta sani ba.
Wata shekara baƙonsa ya yi harbi da magariba, ya kuskure.
Cikin dare Ulan ya zo da ƙaho a buhu,
ragowar kerkeci, tsintuwar kwazazzabo.
Ni na kankare shi, ni na shafa masa jinin rago.
An biya ni.
Yanzu yana rataye a wani falo, a wata ƙasa,
mai shi yana ba jikoki labari,
ni kuma a nan ina hura zugazugi da kunya.

Sai Toktosun.
Gilashin wayarsa a tsage, hularsa ta girmi ɗana.
Ka ce masa, "Zan samu?"
zai dubi gajimare ya ce, "Dutse ke da amsa."
Zai shimfiɗa lasin a gabanka,
ga hatimi, ga sunan kwarin, ga dabba ɗaya tak,
ya jira har ka gama karantawa.
Zai tambayi gwiwarka, ya tambayi zuciyarka,
ya sa ka harbi kwali kafin ka ga mai rai.
Shayinsa tsararo ne, wannan ma gaskiya.

Shekara biyar ke nan da ya hau da wani likitan haƙori,
Eusebio, mutumin Sifen.
Kwana tara suna cin iska da busasshen cuku.
Rana ta tara teke ya tsaya a kan tsauni
kamar an sassaƙa shi.
Toktosun ya ƙirga zobban ƙahon ta madubin hange: shida.
Sai ya ɗora tafinsa a kan bindigar.
"Yaro ne."
Likita ya zage shi da yare biyu,
ya sauko, ya biya abin da ke rubuce, ko sisi bai ƙara ba,
ya tafi ba sallama. Bai kuma dawo ba.
Dawakin dai sun sauko da ƙafa huɗu huɗu, lafiya.

Makiyaya sun ce sun hangi teken a bana,
gemu har ƙirji,
zobe goma sha ɗaya.

Ni ba zan zaɓa maka ba.
Maƙeri ne ni, dukansu biyu suna kawo mini aiki.
Shanye shayinka.
Ga turke can bayan rumbun ciyawa,
na Ulan a dama, na tsohon a hagu.
Kada ka dubi geza, kada ka dubi ado.
Kwance majayi, ɗaga sirdin,
ka sa hannunka a baya.