Awarwaron Iya Tasalla

Ɗanta ne ya aiko shi daga Fatakwal,
cikin kwali, da takarda mai ƙananan rubutu.
Baƙi ne wuluk, ba ado, ba ƙyalli.
Iya ta juya hannu, ta ƙare masa kallo, ta ce:
"Azurfa na sa ina budurwa,
yau da tsufa ga ankwa."

Ni na ɗaura mata.
Ni ce mai zuwa Gwammaja tun hantsi,
in yi mata wanka, in shafa man kaɗanya
a dugadugan nan da suka tsattsage,
in dama kunu, tsamiya kaɗan saboda ƙirjinta.
Shekara huɗu ke nan.
Na san tarinta na neman hira, na san na gaske.

Shi kuwa ƙirga yake:
bugun zuciya, taku daga gado zuwa bayi.
In ta faɗi, sai ya buga waya biyu,
tawa da ta ɗan.

Daren farko ya buga, uku da rabi.
Na ta da ƙanena, muka hau babur,
takalmina wari da wari.
Na tarar da ita kan darduma, goshi a ƙasa.
Ta sallame, ta waiwayo:
"Lafiya, Hansatu?"
Ashe abin bai san sujada ba.
Duk wanda ya kai goshi ƙasa, a wurinsa faɗuwa ya yi.
Wanda ya ƙera shi,
ko ya taɓa ganin tsohuwa tana nafila?

Amma kada in ci haƙƙinsa.
Wata Laraba da damina
santsi ya kwashe ta a bakin makwarara,
ba kowa a gidan sai kaji.
Shi ya yi ihun da ta kasa yi.
Minti goma sha biyu na iso.
Ba don shi ba, da sai la'asar.

Bayan wata biyu ɗan ya kira:
tunda ga na'ura, a rage mini kwana,
Litinin da Alhamis sun isa.
Ban ja ba.
Kuɗinsa ne, uwarsa ce.

Jiya wata yarinya ta zo daga ofishin masu abin,
da faffaɗar waya, da ladabi, har ƙasa ta gaishe mu.
Tambaya goma sha takwas.
Daga ɗaya zuwa biyar, yaya kwanciyar hankali?
Faɗuwa nawa? Minti nawa aka rage?
Caji yana kai kwana?
Na ce yana kaiwa, in an kawo wuta,
in ba a kawo ba, mai shagon lungu yana karɓar ɗari biyu.
Iya ta gyara zama.
"'Yata, akwai gurbin da ake rubuta
kwana nawa ban ji hannun mutum a bayana ba?"
Yarinyar ta ja rubutun sama, ta ja shi ƙasa.
Babu.
Sai wani siririn layi can ƙarshe, wai ƙarin bayani.
Ta rubuta, Allah ya saka mata, har ya cika ya hana ta ci gaba.

Ni ban ce a cire ba.
Mudu ba ya ƙarya,
amma hatsi yake aunawa, ba yunwa ba.
Wa aka tambaya kafin a sassaƙa mudun?

Yau Talata, ba ranata ba ce.
Na biya duk da haka, daga kasuwar Rimi.
A Fatakwal waya tana nuna kore:
bugu saba'in da biyu, taku ɗari da tara,
komai lafiya.
Farcen ƙafarta ya yi tsawo har ya fara lanƙwasa.
Na jawo kujera 'yar tsugunno,
na ɗora ƙafar a cinyata,
na ce ta miƙo mini reza.