Shaidar Haihuwar Sallau

Daren Laraba, bayan isha'i, wayarka ta shigo Daura,
muryarka na rawa kamar ta mai masassara:
"Yaya Lantana, sun buɗe ƙofa.
Duk wanda ya daɗe a ƙasar babu takarda
an ce ya fito a rubuta shi,
a ba shi izinin zama, a ba shi na aiki.
Sai dai suna son shaidar an haife ni."

Na yi dariya har na ƙware.
Ni da na riƙe aci-balbal
ana binne mabiyiyarka bayan ɗakin Inna,
ni da bayana ya san nauyinka tun kafin ka san sunanka.

Shekara tara kana tsinkar tumatir a Sifen
ƙarƙashin rumfar leda mai zafin tanda.
In ka ji jiniya sai bayan akwatuna.
Haƙori ya hana ka barci wata biyu,
ka danne shi da kanumfari
don kana tsoron inda ake tambayar suna.
Inna ta cika, ba ka zo ba.
Fitowa ba wuya, komawar ce babu.
A kunnenka na kara waya ka ji kabbara huɗu.

Da safe na ja mayafi sai sakatariya.
Akawun sa'an ɗana ne, biro a bayan kunne.
"Ranar haihuwa?"
Na ce, Sallau ne fa, ranar tana cikin sunan.
"Wace Sallar? Wace shekara?"
Na ce ta layya,
shekarar da rijiyar gidanmu ta rufta,
Baba ya kai jar saniya kasuwar Mai'aduwa.
Ya ce, Hajiya, kwamfuta ba ta san rijiya ba.

Ungozomarka, Tasalla, ta daɗe da kwanta dama.
Liman Barau da ya raɗa maka suna
ya tuna ragon, mai baƙin wuya ne, ya ce,
shekarar kuwa ta ɓace masa.
Rajistar firamare gara ta riga ni:
ta cinye ajinku kaf, ta bar bango.

Kwana shida ina yawo, silifa ɗaya ta tsinke.
Sai a ƙasan adakar Baba,
tsakanin tsohuwar laya da makullin keke,
na ga littafin bashinsa.
Ya rubuta da ajami, hannunsa mai karkata hagu:
jar saniya, kuɗinta kaza, don ragon suna,
ga wata, ga shekara.
Ashe saniyar ce ta riƙe maka kwanan wata.

Na kai kotu, na rantse, na dangwala yatsa.
Hatimi ya sauka tim,
aka haife ka karo na biyu, kana da furfura uku a gemu.

A hanyar gida na haɗu da Ilu ɗan garuwa,
mutumin Matamaye,
wanda ke cika randunanmu tun kana nan.
Ban san abin da ya kai bakina ba,
na ce, Ilu, kai kana da takarda?
Sai da ya waiga bayansa kafin ya amsa.
Ban taɓa lura ba.
Na biya shi kuɗin jarka huɗu, biyu ya kawo.

Na tura maka hoton, ka ce lauya ya karɓa,
sauran jira, wata uku ko biyar, Allah masani.
To jira ai mun iya shi.

In katin ya fito, Sallau,
kada ka fara da sayen takalmi.
Je ka a cire haƙorin nan,
ka faɗi sunanka da ƙarfi a gaban tebur.
Sannan ka yanki tikiti mai zuwa da dawowa.
Na kafa guntun tulu a kan kabarin Inna,
amma damina biyu ta wuce a kansa,
ta uku ba lallai ta bar alama ba.