Rabin Buhu

Kwana na tara da dokar hana fita.
Unguwar Rogo tsit, banki a garƙame,
naira ta zama baƙuwar da ake cigiya.

Na ɗauki dutsen guga, mai zakara a ka,
shekara bakwai yana ciyar da mu,
na bi ta lungun bayan injin niƙa
zuwa gidan Barmani mai dankali.

"Ba ni gishiri in ba ka manda," in ji ta.
Wa ya san kwano nawa ƙarfe ke ci?
Yunwa ce dillaliya, ita ta sallama:
rabin buhu, ba shaida, ba la'ada.

A gida Uwale ta zazzage a tabarma.
Na sama sumul, kamar an wanke.
Na ƙasa ya yi ruwa, yana wari.
Ta dube ni, ta ɗauko wuƙa ta fara zaɓe.

In koma in ce me?
Ni ma da babban yatsa na rufe
tsagar da ke gindin marfin.

Ran Litinin aka buɗe gari.
Masu kaya suka zo da ƙunshinsu.
Na karɓa, na hura gawayi,
ya kama jajir,
ba inda zan zuba shi.