Tambaya ta Huɗu

An tashi wasa a Kasala.
Rana ta jingina da dutsen Totil,
'yan kallo na zubowa ta ƙofa ɗaya
kamar gero ta bakin buhu.

Mudassir mai tsaron gida
ya kaɗe fanareti saura minti biyu.
Bai yi tsalle ba, bai tuɓe riga ba,
ya sa goshi a ƙasa tsakanin turaku,
ya daɗe.

Ni ina bakin layi,
rakoda a hannu, takarda a aljihu.
Tambaya huɗu edita ya rubuto.
Uku na ƙwallo ne.
Ta huɗu ya ja mata layi da jan biro:
"Me ya fitar da matarsa daga gida?
Mai yawan sujada ne. Mutane na so su sani."

Mutane na son agashe ma,
amma ba a yanka akuyar maƙwabci
don kawai gawayi ya kama.

Na same shi a gindin katanga
yana kwance safar hannu da haƙori,
tabon salla a goshi, ƙasa a kan tabon.
Na ce tambaya huɗu ce, ba yawa.
Yaya ka san hagu zai buga?
"Ƙafarsa ta dogarawa ce ta tsegunta min."
Albashin wata uku da kulob ya riƙe fa?
Ya yi dariya: "Wannan sa shi da manyan baƙi."
Atisaye da azumi a baki?
"Ƙishi ɗan'uwa ne, mun saba."

Sai takardar ta yi nauyin tubali.

Edita ba wawa ba ne.
Ya ce wanda ya yi sujada gaban mutum dubu biyar
shi ya buɗe ƙofarsa da kansa.
Na kwana ina juya maganar.
Da Mudassir ya taɓa tsayawa kan benci
yana auna imanin 'yan baya da na 'yan gaba,
da ya sa goshin nan a allon talla
ana sayar da lemo da shi,
da kuɗin marayu ne ya narke a hannunsa,
wallahi da na tambaya,
ko zai tofa min yawu.
Wanda ya baza haja shi ya kira masu tayi.

Amma sujadar nan ba mu aka aika wa ba.
Mun dai tsaya kan hanyar wasiƙa,
muka ga ambulan.

Ni kaina shekara biyu ke nan
ba mu gaisa da ƙanena ba,
kan wani fili can hayin Gash,
kuma sahu ɗaya muke bi ran Juma'a.
Ba wanda ya taɓa miƙo min rakoda.

"Ka ce huɗu," in ji shi.
Jan biron ya huda takarda,
na san ya hango.

Na laluba na kamo abin da ke kusa:
safar nan duk faci ce,
wa ke ɗinke maka?

Ya juya ta a tafinsa.
Zare kore, ɗinki ƙanana, a jere
kamar tururuwa za su gida.
A babban yatsa ɗinkin ya ƙare,
wani ya ɗora da baƙin zare, a karkace.

"Ita ce," ya ce.
"Wannan na ƙarshen, ni ne."

Na kashe rakoda.
Ashe ko ta bayan gida ka zagaya
kana iya taka shukar mutane.

Muka tsallaka wurin mai jabana,
aka zuba mana da citta, kofi uku-uku.
Bai ƙara ba, ban tambaya ba.
Iska ta hana garwashi tashi,
na ba ta takardar ta yi fifita.

Waya na ta ruri a aljihuna.
Aka kira magariba.
Ya miƙe, ya ce, "Kana da alwala?"
Na ce wannan kuma
tambayar sirri ce.